Goyo a Tsakiyar Teku

"Wallahi tsumman nan ba zai shiga jirgin ruwan nan ba!"

Kabir ya fizge zanin daga akwatina ya yi jifa da shi har bakin banɗaki. Zanin goyon ɗanmu Rayyan ne. Da shi Innata ta goya ni a Fagge, ita ta naɗe shi da hannunta ta sa min a jaka ranar da zan biyo mijina Malaysia.

"Zanin uwata ne tsumma, Abban Rayyan?"

"Hanan, ofis ne suka shirya tafiyar nan! Ogana zai je da matarsa. So kike ki ɗaure min ɗa a baya kamar mai tallar awara? To keken yaron da na sayo a kantunan Bukit Bintang na mene ne?"

"Yaron ba ya son keken! Tun da aka haife shi a bayana yake barci!"

"Zai koya mana!"

Ni dai kowa ya sani ina da zuciya. Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Ya hankaɗe ni, bayana ya daki durowa, leɓena ya fashe. Na rarumi kwalbar turare na wurga masa, ya kauce, ta tarwatsa madubi. Ya ɗaga hannu... na miƙa masa fuska.

"Dake ni! In ka isa dake ni!"

Bango ya nausa. Jini ya tsatso a yatsunsa. Rayyan, da ko shekara biyu bai cika ba, yana tsaye cikin fasassun gilasai yana tsala ihu.

Na sure shi ina haki. "Muna dawowa ka saya min tikitin Kano."

"Boleh!" ya ce da yaren Malaysia, wato ya amince, ya buga ƙofa.

Na tsani mutumin nan a ranar, kuma ina son sa kamar raina, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na ɗauki zanin na ɗaura a ƙuguna ƙarƙashin abaya, muka bar unguwarmu Taman Melati ko kallon juna ba ma yi.

Daga tashar ruwa ta Port Klang jirgin ya nufi Penang. Jirgin gari guda ne a kan ruwa, amma ni ban ga komai ba sai ɗana a ɗaure cikin keke yana miƙo min hannu yana "Mama, oyo! Oyo!" Goyo yake nufi. Da na matsa, sai Kabir ya zuba min ido.

Washegari bayan la'asar aka haɗu shan shayi a can saman jirgin. Kabir ya sha kwat, yana tura keken yana washe baki. Da ya hango ogansa sai ya saki keken ya tafi gaisuwa hannu bibbiyu. Ko birkin bai taka ba.

Nan take gari ya yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da ruwa kamar da bakin ƙwarya, jirgin ya karkata gefe guda. Faranti da kofuna suka tarwatse, kujeru suka bi mutane, wata mata ta kifa da goshi.

Keken ya tafi. Kai tsaye ya nufi bakin matattakalar ƙarfe, Rayyan a ciki.

"Innalillahi! Ɗana!"

Na yi tsalle na zube rub da ciki, na cafke tayar baya. Wani teburin ƙarfe ya biyo ni ya sauka a hannuna. Ƙas! Har cikin kaina na ji karyewar, amma ban saki ba sai da Kabir ya rarrafo ya kwance yaron.

Ma'aikatan jirgin suna ta ihu kowa ya sauka ƙasa, a riƙe ƙarfe da hannu biyu. An kashe lif. Kabir ya rungumi Rayyan da hannu ɗaya ya taka matattakalar, santsi ya kwashe shi, gwiwarsa ta daki ƙarfe. Kan yaron ya wuce gefen ƙarfen da kaɗan, saura ƙiris!

Ya juyo ya kalle ni. "Hanan... ba zan iya ba. Zai suɓuce min!"

Da hannun hagu na warware zanin daga ƙuguna. Hannun dama yana lilo, ba zan iya goyo ba.

"Sunkuya."

Ya kalli zanin, ya kalle ni.

"Na ce sunkuya, Kabiru!"

Ya sunkuya, a gaban oga da matar oga. Na tura Rayyan bayansa, yaron ya manne kamar ƙadangare.

"Ja saman, ɗaure a ƙirji. Tamke! Yanzu na ƙasan, tallafo ɗuwawunsa. Ƙara tamkewa, ba nektaya ba ce!"

Na kama bakin zanin da haƙorina na ja masa. Haka muka sauka, hannuwansa biyu a kan ƙarfe, ni ina bayansa ina jiri. Kafin mu kai ƙasa Rayyan ya yi shiru.

A asibitin jirgin aka ɗaure min hannu. Kabir yana tsaye, kwat ta jiƙe sharkaf, wando ya yage, atamfar Inna a ɗaure a ƙirjinsa. Nas ta nuna masa gado ya kwantar da yaron, ya girgiza kai.

"Ina jin bugun zuciyarsa a bayana," ya ce, sai hawaye. "Ashe abin da kike ji ke nan kullum? Na kusa kashe shi, na karya ki... Ki yafe min, masoyiya. Tikitin nan..."

"Za ka saya."

Ya runtse ido.

"Guda uku. Kai da bakinka za ka gaya wa Inna abin da ka kira zaninta."

Ya durƙusa a hankali don kada yaron ya farka, ya kifa kansa a cinyata yana kuka. Ni ma kukan nake.

"Tashi ka juyo, Abban Rayyan," na ce. "Goyon naka ya karkace."