Bindigar Ɗantsoho

Gau! Ƙarar ta tsaga dajin da ke tsakanin Baure da Zango, ganyen tsamiya ya zubo. Direban motar fataken shanu ya taka birki a gaban gungumen da aka gindaya masa. La'asar ce sakaliya, gero ya fi tsawon mutum dama da hagu.

"Kowa ya sauko! Ƙasa — fuska a ƙasa!" Kabo ne, ogan 'yan fashin, yake daka tsawa da adda a hannu, yaransa biyu na biye da shi.

Audi kuwa, wanda ya yi harbin, yana gefe ya naɗe fuska da rawani. Wannan ce fitarsa ta farko, kuma ba don jarumta aka ɗauko shi ba. Bindigar ubansa ake so, shi ɗan rakiya ne kawai.

Bindigar ta girmi Audi nesa ba kusa ba. Wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya zo da ita tun kafin yaƙin Bama, da zai koma ƙasarsu ya bar wa maigadinsa Ɗantsoho, uban Audi, har da lasin. Harsashi biyar take ci. Ka ja hannun katakon baya, ka tura gaba, ta tofar da kwanso ta haɗiye sabo, shi ya sa mutanen Sandamu suke ce mata Ja-ka-tura. Ta kori kura daga garke, ta kori biri daga gona, ba ta taɓa ƙin tashi ba. Alhazan da kuɗin man fetur suka yi wa yawa sun sha zuwa taya ta, wani har da sabuwar Honda, tsohon ya ce ba ta sayarwa ba ce. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: tunda ya riƙe ta, ba ta taɓa zubar da jinin ɗan'adam ba.

Da tsohon ya tafi Daura jinyar ƙafa, sai Audi ya zaro ta daga ƙarƙashin gado. Kabo ya rantse masa cewa harbi ɗaya ne a sama, don tsoratarwa, daga nan ya mayar da ita inda take kafin ubansa ya dawo. Audi ya yarda, don yana son yarda.

Sai dai an gaya wa Kabo cewa Alhaji Dabo, babban falken da ke cikin motar, ya sha maganin bindiga tun yana goye. Kabo ya je wurin bokansa ya karɓo makarin maganin a kwalba, ya juye a ƙwarya, ya tsoma harsasan suka kwana a ciki. Audi ya ce masa jikinsu kwali ne, ba sa shiri da ruwa. Kabo ya tambaye shi ko ya fi boka sani ne. Sai Audi ya ɓoye guda ɗaya busasshe, shi ne wanda ya tashi yanzu.

Fasinjoji duk sun kwanta, ban da Alhaji Dabo. Ya gyara babbar rigarsa, ya ce shi tun yana kora shanu a ƙasa zuwa kudu bai taɓa kwanta wa ƙato ba, ba kuma zai fara yau ba.

Kabo ya fizge bindigar daga hannun Audi.

"Oga, ka fa rantse!"

"Matsa can, ragon banza!"

Kabo ya ja hannun katakon baya — ƙaras! Kwanso ya faɗi. Ya saita ƙirjin Alhaji, ya tura gaba — ta cije. Ya sake ja. Ya buga gindinta da ƙasa. Ina! Harsashin ya sha ruwa ya kumbura, ya maƙale a wuyanta, ba shiga ba fita.

"Ta ƙi!" in ji wani daga ƙasa. "Wallahi ta ƙi!"

Makiyaya ne rabin motar, kowa da sandarsa. Suka miƙe gaba ɗaya. Kabo ya wurga bindigar cikin gero ya zura da gudu, sauran biyun suka bi shi zuwa Fijon da suka ɓoye a bayan tsamiya. Audi ma ya kai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, sai ya tsaya. Duk ƙasar nan ba wanda zai ga bindigar nan bai ambaci sunan ubansa ba.

"Oga, ku jira ni, bari in ɗauko ta!"

Ya faɗa gonar yana ture karan gero. Ya ji an rufe ƙofa — garam! Ya ji motar ta tashi. Ko waiwaye bai yi ba. Ya same ta kwance a kan kunya, ya rungume ta, a daidai nan sandar farko ta sauka a bayansa.

Ashe wani mai babur ya hango gungumen tun daga nesa, ya juya ya kai labari Zango. Saje Maliki ya iso da Landiroba da kurata uku, da ƙyar ya ƙwaci Audi a hannun makiyaya. Kafin magariba aka tare Fijon a hanyar Daura. Kabo bai wahalar da kowa ba. Ya ce su ɗauko su aka yi haya, mai bindigar shi ne oga, sauran biyun suka ce haka ne. A lokacin nan fashi da makami hukuncinsa ɗaya ne, a ɗaure mutum a jikin durom a harbe shi a bainar jama'a.

Washegari aka kawo Ɗantsoho caji ofis yana dogara sanda. Audi na durƙushe a kusurwa da ankwa, ya so ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon bai dube shi ba. Ya ɗauki bindigar daga kan tebur, ya leƙa cikinta, ya sa farce ya ciro harsashin da ya jiƙe, ya daɗe yana juya shi. Saje Maliki ya tambaye shi cikin ladabi ko shi ya ba da ita.

"Sata na yi," in ji Audi. "Baba bai sani ba. Ku rubuta haka."

Sajen ya ce za a rubuta. Ya ƙara da cewa bindigar ta zama shaidar kotu, ba za ta koma gida ba, yaron ma kada a sa rai.

Ɗantsoho ya ajiye ta a hankali. "Saje, ta taɓa wani?"

"Ba ta taɓa kowa ba, Baba."

"Alhamdu lillahi." Sai a sannan ya juya ya dubi ɗansa, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗauki sandarsa ya fita neman motar Sandamu, shi kaɗai.