Siton Auta da Sandar Awon Baba

Ko tabarmar gaisuwa ba a naɗe ba aka zauna rabon gado a falon marigayi mai yadi. Auta na raɓe jikin Mama, idanu sun yi luhu-luhu.

Shagon yadin nan tun kakan Baba yake. Duk uban da zai cika, sandar awo yake bari da wasiyya ɗaya: kada a gitta bango a shagon. Baba ma ya faɗa a kunnen kowa.

"Zancen tsofaffi ne!" in ji Yaya Babba. "Gobe magina za su zo, ni dama, Ƙarami hagu. Ke kuma Auta, ki rabu da telan nan na bakin rumfa mu ba ki gaban shagon. In kin ƙi, sito!"

"Haba Yaya! Baba fa da bakinsa ya yi mana alkawarin aure!"

"Gadonki yake so, sakarya, ba ke ba!"

Siton kuwa ɗan ɗaki ne a bayan shago, ƙofarsa na kallon lungu da kwata.

"Na ɗauki siton," ta ce.

Yaya Ƙarami ya wurgo mata sandar awon. "Haɗa da wannan, ki riƙa auna talauci!"

Da yamma ta sami Tela tana kuka. "Ba ni da komai sai sito da sanda."

"Ni ma keken ɗinki ne kawai da ni. Ai mun yi anko!"

Aka ɗaura aure, ko ɗaya cikin yayyen bai leƙo ba. Sun sha wuya ba kaɗan ba: rufi na yoyo, ɓera na cin yadi. Amma Auta awon Baba take yi, in sanda ta ƙare sai ta ƙara faɗin tafin hannu gyara. Tsofaffin kwastomomi suka ji labari, suka fara tsallako kwata, ita ta yanka, shi ya ɗinka.

Can wajen yayyen kuwa bango ya raba shago, amma ƙofa ɗaya ce. Kwastoma na shigowa wannan ya ja hannu, wancan ya ja riga. Daga zagi sai dambe, daga dambe sai kotu, lauyoyi suka lashe jari. Wani mai sayar da taya ya saye shagon, ya kankare sunan Baba. Baƙin cikin nan ne ya kwantar da Mama, ba ta tashi ba.

Wata safiya sai ga Yaya Babba a lungu, rigarsa ta koɗe.

"Auta... ko da yaron shago ku ɗauke ni."

Auta ta tuna Mama. Tela ne ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Ta daɗe tana kallon yayan nata kafin ta miƙa masa sandar.

"Auna, Yaya. Kada ka manta da tafin hannu."

Ya riƙe sandar ya fashe da kuka.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, mahaƙurci kuma mawadaci. Sai dai haƙurin Auta bai dawo da Mama ba.