Aljanar Ƙarƙashin Kujerar Babur

Magariba ta kawo jiki sa'ad da Tela ya turo babur ɗinsa, ɗan roba-roba, har tsakar gida, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya murɗa makulli, ya danna sitata. Sai ɗan ƙyat kawai aka ji, daga nan shiru.

Tela mutum ne da bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin kansa ba. Ya buɗe batir, ya tarar kawunansa sun yi wani farin gari mai kore-kore kamar fumfuna. Ya kankare, ya tsiyaye tsohon ruwan batirin a gwangwani, ya sheƙa a makwararar bayan ɗaki, ko bisimilla babu, ana tsakiyar kiran salla. Matarsa ta ce, "Haba maigida, da magaribar nan?" Ya ce ta ji da tukunyarta.

Washegari ya sa sabon batir. Ƙyat. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya kunce fulogi ya goge, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana fere su da haƙori, yana tofar da robar a inda ake kife kwanonin abinci. Ya matse birki ya danna, ya yi ta buga kik har takalminsa ya tsinke. Da dai ya ga uwar bari, ya kira bakanike. Bakaniken ya cire sitata ya haɗa ta kai tsaye da batir, ta juya sumul. Da aka mayar da ita jikin babur, ta yi gum. Mutumin ya shinshina iska, ya toshe hanci, ya tattara sifanunsa ya fice ko sallama babu.

Wari ne ya fara tasowa daga ƙarƙashin kujerar, warin ruɓaɓɓen ƙwai gauraye da ƙonannen gashi. Kullum in rana ta faɗi, sai notuna su riƙa zubowa a kan kwanon ɗaki, hon ya yi wani dogon nishi shi kaɗai, alhali makulli na aljihun Tela. Ƙudaje suka tare a gidan, maƙwabta suka ɗauke ƙafa.

Daga nan abin ya faɗa kan Auta, 'yarsu da ke shirin gama sakandare. Ta daina ci, ta daina magana. Wata magariba uwar ta fito da buta a hannu, ta same ta durƙushe gaban babur tana lasar kan batir, koren yawu na dalala har wuya, leɓunanta duk sun saɓule. Uwar ta saki butar, ta yi salati, sai amai.

Aka ɗauko Malam mai ruƙiyya. Ya zauna a tabarma, ya soma karatu a hankali, gidan ya yi tsit har ana jin ɗigar famfo. Can Auta ta sanƙare a cinyar uwarta, idanunta suka juye, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai zaman makwarara. Tun ba a sa tubalin gidan nan ba nake ciki. Wancan ƙazamin ya sheƙa wa jaririna ruwan batir. Na kwashe shi na kwantar a akwatin ƙarƙashin kujera, shi kuma kullum danna, danna, wuta na bi ta bayan yaro. Sai na riƙe wayar."

"Ita yarinyar me ta yi miki?"

"Ba komai. So nake ya ɗanɗana ciwon ɗa."

"Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba da karatu."

"Zan fita. Ya bar mini babur ɗin, a kai bayan gari a ajiye, yarona ya warke a ciki. Shi ke nan."

"An ba ki!" uwar ta faɗa tana kuka. "Wallahi an ba ki!"

Malam ya dubi Tela, don shi ne mai kaya. Tela ya sosa ƙeya, ya dubi 'yarsa, ya dubi babur.

"Malam, tambaye ta mana. Kujerar kaɗai ba za ta ishe ta ba? Injin nan fa sabo ne."

Abin kunya ba ya kisa, da a nan Tela ya faɗi. Malam ya dube shi kamar yadda mutum ke duban abin da ya taka a bakin kwata. Sai bakin Auta ya ja wani dogon tsaki.

"Tir! Malam, shekara da shekaru ina kwance cikin ruwan wanke-wanke, ban taɓa jin ƙyama irin ta yau ba. Ya riƙe tsiyarsa, ba na jinyar ɗana a jikin kayan wannan." Muryar ta yi ƙasa. "Yarinya, ki yafe mini. Na ɗauka kina da uba."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, warin ya ɗauke ɗif. Malam bai gama addu'a ba Tela ya lallaɓa ya danna sitata. Babur ya tashi take, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida.

"Kun gani?" ya ce, baki har kunne. "Haƙuri kawai abin ke so."

Auta ta buɗe ido, ta daɗe tana kallonsa ta cikin hayaƙin, sannan ta ɓoye fuska a jikin uwarta.

"Mama," ta ce da muryarta ta ainihi, "duk fa ina ji."