Laitar da Ba Ta Kama Wuta

A ɗakin gwaje-gwajen kwaleji Auta ta fara ganinsa, hannunta tsundum cikin baho, haushi ya cika ta. Aikin ranar shi ne gano nauyin mol ɗaya, wato wani ma'aunin kimiyya, na gas ɗin cikin laita. A auna laitar a sikeli, a nutsa ta a ruwa, a danna gas ya hau cikin silinda, kwalbar awo da aka kifa a ruwan, a sake auna ta. Sai a haɗa nauyin da ya ragu da yawan gas, zafin ruwa da matsin iska, a lissafa. Kowa na samun kusan hamsin da takwas, ita kuwa talatin.

Wani ɗalibi da ake kira Dogo ya leƙo daga teburin gefe ya ce gas ɗinta ya rame. Ta watsa masa harara. Ko a jikinsa, sai ma ya miƙo mata hankici.

"Jiƙaƙƙiyar laita kike aunawa, ranki ya daɗe. Ruwan da ya maƙale mata ne ya ɓata lissafin."

Ta goge, ta bari ta bushe, ta samu hamsin da bakwai. A ciki-ciki ta yi godiya, amma hankicin bai koma ba.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Sarauniyar baho, a dawo da hankici ko a ba ni izinin zuwa karɓa a gida."

Ta amsa: "Gidanmu ba a shiga sai da dalili babba."

"Ina da shi. Ke ce."

Kafin su gama karatu, Auta ta kamu da son Dogo, son da ko ƙawaye ta daina ɓoye wa.

Ranar da Dogo ya zo gaida Baba, mahaifin Auta, yana durƙusawa laita ta faɗo daga aljihunsa. Baba kuwa ya tsani sigari tun da ta kwantar da ƙaninsa. Ya ɗauke laitar, ya sallami baƙo a mutunce, sannan ya ce wa Umma ba zai ba mashayi autarsa ba. Auta ta yi bayani har da kuka, ya ce ba a karɓar shaidar mai so.

"Yi haƙuri, sarauniyata," Dogo ya rubuto. "Ramin ƙarya ne ƙurarre, mu kan gaskiya muke."

Ashana ce ta ƙare wa Umma wata safiya, ta ɗauko laitar daga kan durowar Baba. Ta ƙyasta har yatsa ya yi ja, ko tartsatsi. Auta ta fashe da dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce ai Dogo na cire ɗan dutsen da ke ba da tartsatsi a kowace laitar gwaji, don kada wuta ta tashi a aji.

Baba ya ce gani ya kori ji. Ya tambayi Auta a keɓe adadin da za a samu in an yi gwajin, ta ce kusan hamsin da takwas, sannan ya sa aka kira Dogo ya zo da kayan aikinsa. A tsakar gida aka girke bahon wanki. Baba da kansa ya riƙe silinda, hannun rigarsa sharkaf, yana kallon kumfa na hawa kamar yaron da aka saya wa balan-balan. Aka bari laitar ta bushe, aka auna, Dogo ya lissafa. Hamsin da tara.

Baba ya matse hannun riga, ya dubi Dogo.

"Zato zunubi. Na so in raba ku a kan abin da ko girki ba ya kunnawa. Ka yafe mini, ɗana, ka turo magabatanka."

Auta ta ruga ɗaki ta faɗa jikin Umma, dariya da hawaye a haɗe.

Ranar ɗaurin aure, Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki. Ya ce Auta ce ƙarshen abin da ya haifa, ga ta nan amana. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk gidan ya amsa da amin.