Ɗan Layin da Kiet Ya Tsallake

Ranar da Noemi Barragan ta fara ganin Kiet Lam, yana tsugune a ɗakin gwaji na kamfaninsu a San Jose, yana yi wa wani allon lantarki faɗa kamar ƙaninsa. Ta yi dariya, ya ɗago kai, shi ke nan. Kafin wata uku saƙonni sun hana wayoyinsu hutawa.

"Tauraruwata, kin ci abinci kuwa, ko yau ma kofi ne?"

"Kofi ne, injiniyan ƙarya. Zo ka cece ni da taliyar mamanka."

Mahaifinta Rutilio ya shekara ashirin da shida yana liƙa wayoyi a kan allunan lantarki a benen ƙasa na wannan kamfani. Da ta kai masa zancen aure ya ce sam, injiniyoyin benen sama su ke ɓarna, na ƙasa su sha duka. Ta rantse Kiet daban ne. Kayya, Noemi!

A aikinsu, in wuta ta hau waya ana kiran hakan ɗaya, in ta sauka sifili. Amma akwai wayoyin da ake juya wa ƙa'ida, sai wuta ta sauka suke kunna abu, kuma ɗan layi ake ja a kan sunansu a zane. Kiet yana rubuta umarnin wata na'urar dumama, idonsa ya tsallake layin. Duk inda ya ce a kashe, na'ura kunnawa take yi. Alluna arba'in suka ƙone ƙurmus.

Washegari ya gano kuskurensa, ya gyara a ɓoye, ya ja bakinsa ya yi shiru. Manya suka ce ai mai liƙi ne ya haɗa wayoyi ba daidai ba, suka sallami Rutilio.

Noemi ma injiniya ce. Tana duba tarihin gyare-gyaren umarnin ta ci karo da gyaran, da kwanan wata, da sunan masoyinta. Ta tare shi a wurin ajiye motoci.

"Kana kallo Babana ya fita da kwalin kayansa a hannu?"

"Tsoro na ji, Noemi."

Ta zare zoben alkawarin da ya ba ta, ta ɗora masa a kan mota. Baƙin ciki kamar ya kashe ta, don har lokacin tana son mutumin.

Kiet ya rubuta wa manya gaskiya, suka kore shi. Rutilio kuwa takardar ban haƙuri kawai ya samu, teburin aikinsa tuni an bai wa wani. Wata biyar Kiet yana zuwa ƙofar gidan tsohon kowace Lahadi, ba a ce masa shigo. Wata rana Noemi ta tura masa saƙo: "Ban manta ba. Amma ka shigo, abinci na hucewa."

A wata ƙaramar majami'a aka ɗaura auren. Rutilio ya rako 'yarsa har gaba, ya sa hannunta cikin na ango, ya ce a hankali, "Ita ta zaɓe ka, na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Sai dai kada ka kira ni Baba tukuna."

Kiet ya sunkuyar da kai ya ce to. Noemi ta ƙanƙame hannun mijinta, tana kallon mahaifinta ya wuce kujerar gaba da aka tanadar masa, ya je can baya ya zauna.