Akwatin T

A wata makarantar kwamfuta da ke Gyadi-Gyadi suka haɗu, lokacin da kowa ke rububin sayen layin waya. Shirin kwamfuta da Huraira ta rubuta da yaren Java ne ya tsaya cak, tana ta tsaki. Mu'awiya ɗan ajinsu ya leƙo, ya nuna mata ta zuba lamba inda ake jiran suna. Daga ranar ya laƙaba mata Sarauniyar Tsaki, ita kuwa ko a jikinta, don sunan ya yi mata daɗi.

Shekara guda yana sintiri gidansu a Tarauni, amma maganar aure ko ɗaya. Mu'awiya irin mutanen nan ne da sai sun gwada abu sau goma. Babanta Malam Lawan ya gaji, ya ce wata ɗaya ya bayar: ko yaron ya turo magabatansa, ko a saurari Ƙasimu ɗan amininsa.

Hankalin Huraira ya tashi. Ana cikin haka ta ari littafin Mu'awiya, sai ta ga kowane shafi an rubuta Akwati<T>. Akwati dai na lefe ne, kuma a ajinsu akwai wata Tasalla mai yawan fara'a. Ta tura masa saƙo:

"Allah ya sanya alheri kai da T ɗinka."

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba, abinci ma sai ta tsakura ta ture. Rana ta huɗu ya zo zaure a firgice, ya ce mata abin da ta gani a littafin sabon darasi ne da ba a kai ba tukuna. T ba mutum ba ce, gurbi ne. Ana ƙera akwatin ba a san me zai ɗauka ba, amma da zarar an sa suna a gurbin, duk abin da aka kawo daban kwamfuta ba za ta karɓa ba.

Kunya ta kama ta, amma bakinta bai mutu ba.

"To kai me ya hana ka cike gurbin?"

Ya juya ya tafi. Ta shiga ta fita, ta duba waya ya fi a ƙirga. Da la'asar saƙo ya shigo:

"Akwati<Huraira>. Baffana zai zo wajen Baba ranar Juma'a, Sarauniyata."

Ranar da aka kawo lefe, haka aka manna a jikin babban akwatin. Gwaggonta ta tambayi ma'anar zanen, Huraira ta ce yana nufin ba ya ɗaukar kowa sai ita.

"To madalla," in ji Gwaggo. "Allah ya ba ku zaman lafiya."