Garken Taurarin Itto

Ranar da aka buɗe makiyayar dutsen Ukaimedan, bayan watannin da aka hana dabba taka ta, Idir ya fara ganin Itto. Tumakinsa suka tare mata hanya tana saukowa daga ɗakin duban taurari, inda take karatu.

"Malam makiyayi, hanyar ma ta tumakinka ce?"

"Yau dai tasu ce. Ke me kike kiwo a can sama?"

"Garken taurari," ta ce tana murmushi.

Tun daga nan kullum da hantsi sai ya kai mata madara. Ita ta gaya masa cewa kowane garken taurari yana jawo iskar gas daga sararin da ke kewaye da shi, da ita yake haifar sababbi. Wanda ya daina sha daga waje, sai ya tsufa, ya yi ja, haihuwa ta tsaya.

Da Idir ya kai maganar aure gida, mahaifinsa Bassu ya girgiza kai.

"Mu ba ma auro bare. Kwarin nan bai rasa 'yan mata ba."

Idir ya daina hawa dutsen, ya rame. Sai ga saƙonta:

"Makiyayina, ranar kasuwa zan koma birnin Marrakesh. In ka haƙura da ni, zo ka faɗa min da bakinka."

Da la'asar ana shan shayi mahaifiyarsa Hajju ta tsare shi.

"Wai me yarinyar nan take gaya maka ne?"

A hankali ya maimaita zancen garken. Hajju ta juya ga mijinta.

"Maigida, ragon nan da kake cika mana baki da shi, a ina ka samo?"

"Bayan dutse. Ai in ba a sako sabon jini ba, garke lalacewa yake."

"To. Ashe tumaki kaɗai kake tausayi."

Bassu ya ajiye kofinsa ya ce, "Idir, je ka ce ta zo mu gan ta."

Kafin ƙanƙara ta rufe hanya aka ɗaura aure. Bassu ya dafa kan Itto.

"'Yata, kin shigo mana da alheri. Allah kada ya sa gidan nan ya daina haifar taurari."